'Yar Gidanmu Ce

Na san abin da kuke faɗa in kun taru ba na nan. Kuna cewa da ba don Mama ba, da yanzu babbarku ta zama wata a harkar fim. Wai na ga tauraruwarta za ta danne tawa, shi ne na fizge ta daga gaban kyamara na kai ta ƙauye na ɓoye. Autanku ma ya taɓa faɗa min a fuska yana dariya, wai shi wasa yake yi. Ban ba shi amsa ba ranar, don ina tankaɗe. To yau na ajiye rariya na ɗauki biro. Kishi kam na yi shi, ba zan tsaya ina rantse-rantse ba, kishin da ya hana ni jin ɗanɗanon abinci har mako biyu. Amma ba da yarinyar na yi ba. Ku bari in gaya muku da wa na yi, sannan ku yanke min hukuncin da kuka ga dama.

Ku da kuka tashi a wannan zamani ba ku san kunyar ɗan fari ba sai a baki. A gidanmu na Baure, inda muke da jinin Fulani ta wajen uwa, ba abin wasa ba ce. Mace ba ta kiran sunan abin da ta fara haifa. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai har wani ya ɗaga shi. In baƙo ya tambayi ɗan wa ne, sai ta ce na gidan ne. Wadda ta kuskura ta nuna so, har ta tsufa ana ba da labarinta a bakin rijiya. Ranar da aka yaye babbarku, Inna mahaifiyata ta zo Daura ta goya ta ta tafi da ita. Ina daka a tsakar gida, ban ɗaga kai ba, don kada a ce na bi ta da kallo. A can ta tashi cikin ƙannena, ta ji suna ce min Adda, ita ma ta kama. Inna ce uwa a wurinta. Ni wata Adda ce da ke zuwa da sallah da alawa a ƙullin zane.

Mahaifinta, mijina na farko, bai yi tsawon rai ba. Da na gama takaba na koma gidan Gwaggo Tasalla, ƙanwar babana, a cikin garin Daura, ba nisa da rijiyar Kusugu. Damina ɗaya bayan haka Inna ma ta tafi, aka kawo min yarinya 'yar shekara bakwai da kayanta a ƙunshe cikin tsohon zanen Inna. Muka zauna ɗaki ɗaya, tabarma biyu. In zan kira ta sai in ce "ke", in ta yi nisa in ce "ke yarinya". Ita kuma ta ce "na'am, Adda".

A lokacin, da bakina nake ci. Ina cikin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke yawon kasuwanni da wasannin faɗakarwa, yau allurar rigakafi, gobe tsaftar rijiya, jibi yadda ake zuba taki. Mashi, Zango, Mai'adua, wani lokaci har gidan rediyo a Katsina. Kuma kullum abu ɗaya ake ba ni, masifaffiya. In na ɗaure gyale a ƙugu na buɗe baki a kasuwar Mashi, masu awaki sai su bar ciniki su zo kallo. Da can shugabanmu ne ke ba mu labari da baki, kowa ya shiga ya yi nasa. Sai masu ba da aikin suka fara zuwa da takarda, kuma kafin a ɗauki mutum sai an yi masa gwaji, a miƙa masa takardar a ce ya haddace ya fito ya yi. Ni kuwa ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Nan yarinyar ta zama idona. Tana aji biyu, kanta na ja. Sai mu riga kowa zuwa, in karɓi takarda in yi kamar zan kewaya, mu samu gindin darbejiya a bayan gini, ta ɗora yatsa tana bin layi a hankali kamar mai cire ƙaya. In na ji sau biyu ya zauna. Mutane sun ɗauka rashin mai reno ne ya sa nake jan ta ko'ina, kuma da gaskiyarsu rabi, don Gwaggo unguwarzoma ce, ba ta wuni a gida. In na shiga gwaji ita ke riƙe min takalma, ta zauna a bakin ƙofa, leɓenta na motsi tana bin maganata. A hanyar gida sai ta yi min gyara.

"Adda, kin tsallake inda za ki ce ya fita miki daga gida."

"Na ce masa ya ɓace min da gani. Ba ɗaya ba ne?"

"Ba haka aka rubuta ba."

"To malama, gobe ke za ki shiga."

Sai ta yi dariya ta rufe baki da takalmina. Iyakar wasan da ke tsakaninmu ke nan, shi ma sai in ba kowa a hanya.

A shekarar da nake ba ku labari, wani kamfanin fim ya zo daga Kano, zamanin kaset ne. Suna son ɗaukar labarinsu a cikin tsohon gari, kuma suna neman 'yan wasan Daura su cike gurbi. Labarin wata mata ce da 'yarta ta ɓace ranar kasuwa, ta yi ta nema har ta gan ta. Da na ji, zuciyata ta tsaya a kan matar nan. Na gaji da zagi. Na gaji da yara su gan ni a hanya su ce ga masifaffiya nan. Ina so sau ɗaya a rayuwata in sa mutane kuka maimakon dariya, kuma na san zan iya. Kwana uku yarinyar na karanta min maganganun uwar, har ita ma ta haddace.

Ranar Asabar aka yi gwajin, a ajin wata makarantar firamare, an ture bencuna gefe. Daraktan saurayi ne siriri mai gilashi, ɗan boko, yana taunar murfin biro. Da layi ya zo kaina ya ce ba ya son haddar takarda, yana so ya ga inda uwar ta ga 'yarta bayan ɓata. Ya waiga yana neman yaron da zai tsaya, idonsa ya faɗa bakin ƙofa.

"Ke mai riƙe da takalma, zo nan. Malama Dije, wannan ta wa ce?"

"'Yar gidanmu ce."

A ganina ban yi ƙarya ba, haka ake faɗa. Duk ɗan ƙungiyarmu da ke ajin ya san abin da nake nufi, kuma ba wanda zai tona ni. Shi kuwa ya ɗauki maganar yadda ta fito. Ya tambayi yarinyar sunanta, ta faɗa masa.

"Madalla, da shi za mu yi, don kada ta rikice. Ke ki tsaya can jikin allo. Malama Dije, za ki shigo daga ƙofa ki hango ta. Ki kira sunanta sau uku, ki ce mata zo nan, ga uwarki. Ki rungume ta. Shi ke nan."

Shi ke nan, in ji shi. Na fita na shigo. Na buɗe hannu, na buɗe baki, sunan ya taso tun daga cikina ya zo maƙogwaro ya tsaya kamar ƙashin kifi. Tana tsaye jikin allo tana kallona, kuma tunda aka haife ta ba mu taɓa haɗa ido mai tsawon haka ba. Na ga ba wasa take yi ba. Jira take. Mutum ashirin a ajin, rabinsu sun san ni sun san Inna. Abin da ya fito daga bakina shi ne abin da bakina ya saba.

"Ke, gidan uban wa kika shige tun safe?"

Aji ya fashe da dariya, har daraktan sai da ya cire gilashi ya goge ido. Ya ce in sake. Na sake, na tsaya ina tari. A na uku na ce maƙogwarona ne ke ciwo.

"Malama Dije, ke dai Allah ya yi ki don faɗa. Kada ki damu, akwai maƙwabciya a labarin, taki ce."

Yanzu za ku ce me ya hana ni jan shi gefe in ce masa 'yar farina ce, ya kawo wata yarinya ko ya sauya suna. Bahaushe ne, da ya gane. Na yi wa kaina wannan tambayar shekara da shekaru. Amsar ita ce faɗin hakan ma shi ne abin kunyar. In ce wa saurayi baƙo ni na haife ta, da bakina? Gara in rasa aikin. Na kuwa rasa shi.

Cikin waɗanda suka zo da su daga Kano akwai wata Sa'ade, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, doguwa, mai magana ƙasa-ƙasa. Wani gurbi daban aka zo da ita ta yi. Ta miƙe daga benci ta ce a bari ta gwada. Ta cire takalmi, ta bar mayafinta ya zame. Tun daga bakin ƙofa ta kira sunan, kamar ita ta zaɓa shi ranar suna. Na biyu muryarta ta karye. Na uku tana durƙushe. Yarinyar da ban taɓa ganin hawayenta ba tun ranar da aka kawo ta, ko da zazzaɓi, ta ruga ta faɗa jikin matar nan ta saki kuka mai sauti. Daraktan ya manta bai ce ya isa ba. Ni ina tsaye jikin taga da takalmana a hannu, don mai riƙe min su ta samu abin yi.

Aka ɗauke su su biyu, uwa da 'ya. A hanyar gida ba gyara ranar. Sai da muka kusa ƙofar gida ta yi magana.

"Adda, matar nan ƙamshi take yi."

"Ɗaga ƙafa, rana na yi."

Mako biyu aka tsara za a yi, a wani gida da suka ara a cikin gari. Aikina in tsaya ta bayan katanga ina leƙen gidansu ina yada magana. Wato an biya ni in tsaya in kalli wata tana yi wa 'yata wanka, tana ba ta tuwo a baki, tana goya ta duk da ƙafafunta na jan ƙasa. Daraktan har yaba min ya yi a gaban kowa.

"Wannan hararar da kike yi musu, Malama Dije, ita nake so. Kada ki canza ta."

Ban canza ta ba. Da a gaban kyamara abin ya tsaya da na jure, don aiki aiki ne, ni ma na yi matar maza goma a wasa ban san ƙofar gidan ko ɗaya ba. Amma in an ce a huta, yarinyar ba ta dawowa wurina. Kwano ɗaya suke ci. A cinyarta take barcin rana. A labarin Umma take ce mata, sai ga shi an kashe kyamara ana ta Umma. Ta kawo shi har gida. Umma ta ce a riƙa wanke hannu da sabulu. Umma ta ce a Kano akwai gida a kan gida har huɗu. Gwaggo tana jin daɗin abin, tana ƙara zuga ta, me kuma Umma ta ce. In na kwanta a tabarmata turaren Sa'ade nake shaƙa daga tabarmar da ke gefena.

Rana ta biyar ta yi mata kitso, shuku, da 'yan duwatsu ja da fari a jela. Ya yi mata kyau, ba zan hana gaskiya ba, ya fito da goshin mahaifinta. Muna isa gida na zaunar da ita na tsefe shi tas, na ce ya ja mata fata, zai sa ta ciwon kai. Ta tsince duwatsun ɗaya-ɗaya ta zuba a gwangwanin madara. Washegari daraktan ya kusa haɗiye murfin bironsa, don ashe abin da aka ɗauka jiya ba a gama ba, kuma dole kan yau ya zama kan jiya. Aka tsayar da aiki, mutum goma sha suna jira a rana, Sa'ade ta shimfiɗa tabarma ta ɗora kan yarinyar a cinyarta ta sake shi layi-layi, ba gaggawa, tana yi mata 'yar waƙa. Ni na jawo wa kaina kallon kitson nan sau biyu.

Saura kwana huɗu a gama, bayan azahar, Sa'ade ta kira ni gefe ta miƙo min ruwa a moɗa. Ta ce shekararta goma sha ɗaya da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ba ta faɗa da neman tausayi ba, ta faɗa ne kamar mai faɗin sunan unguwarsu.

"Na tambayi yarinyar nan ina mahaifiyarta, ta ce Innarta ta rasu, yanzu a hannunki take. Dije, ke ma kina fama da kanki, ga yawo. Ki kai ni wurin mai iko da ita in roƙa a ba ni riƙonta. Zan sa ta makaranta mai kyau. Duk hutu zan kawo ta da kaina."

Na shanye ruwan nan duka don in samu abin yi da bakina. Yarinyar ta san wa ya haife ta, ba wanda ya ɓoye mata. Amma da aka tambaye ta uwa, Inna ta ambata, kuma wa zai ce ta yi kuskure? Na ajiye moɗa na ce mai iko da ita Gwaggo ce. Ni da ƙafata na raka ta har gida, ina gaba tana baya da ledar goro da turmin atamfa.

Gwaggo ta karɓe ta hannu biyu, ta ce sai an shawarci baffannin yarinya, amma ba ta ga abin ƙi ba. Ko da wasa ba ta nuna ni ba, don ita ma tana tsare min kunyata. Da baƙuwa ta tafi ta juyo kaina.

"Matar kirki ce, ido ya nuna. Ɗaki nata, makaranta, mai kula da ita. Ke me za ki ba ta, yawon kasuwanni da riƙon takalmi?"

"Ni na ce wani abu?"

"Fuskarki ta ce. Kin dai san ba ki da baki a maganar nan. Ko so kike a ji a Baure cewa Dije ta ƙanƙame 'yar fari?"

"Ni ina ruwana. Ku ba ta."

Sai Gwaggo ta kira yarinyar, tana wanke-wanke a bakin rariya, ta tambaye ta ko za ta bi Ummanta Kano. Ta juyo ta kalle ni, irin kallon da ta yi min a jikin allo. Ina jin idonta a gefen fuskata. Na sa muciya a tukunya na yi ta tuƙi, alhali tuwon ya riga ya yi. Ta jira. Wallahi ta jira, har kumfar hannunta ta bushe. Sannan ta ce za ta je.

Ba zan iya cewa ina so ba, ba kuma zan iya bari ba. Sai na yi abin da na iya. Washegari bayan sallar asuba, Gwaggo ta fita wurin wata mai naƙuda, na ce wa yarinyar ta sa rigar fim, yau a wajen gari za a ɗauka. Muka shiga motar Baure. Daga Baure muka hau mashin zuwa rugar ƙanena Buba. Tun a mota take waiwaye.

"Adda, ina motar su Umma?"

"Suna baya."

Da ta ga bukkoki da shanu ta daina tambaya. Na ce wa Buba da matarsa su riƙe ta sai na zo, duk wanda ya tambaya ba su gan ta ba. Ta biyo ni har bakin burtali, da shukunta da duwatsunta, ta tsaya.

"Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba."

Ba kowa a wurin, daga mu sai shanu. Ba Gwaggo, ba 'yan ƙungiya, ba matan bakin rijiya. Da na ce mata ba na so ki tafi ne, da saniya ce kawai za ta ji. Na ce ta koma kada rana ta dake ta, na juya.

Abin da na tarar a Daura ba sai na ba ku labari duka ba. Daraktan ya yi roƙo, ya yi faɗa, ya ce zai kai ni ƙara, na ce ya kai, yarinya ba ta da lafiya an kai ta gida. Saura kwana uku, kuma cikin abin da ba a ɗauka ba har da wurin da uwar za ta ga 'yarta, don sun bar shi sai ranar kasuwa. Gwaggo, da ta ga abin ya kai haka, ta gaya wa Sa'ade gaskiya. Sa'ade ta zo ta same ni ina wanki, ta tsaya a kaina, inuwarta a cikin bahona.

"Dije, da bakinki nake so in ji. Ke kika haife ta?"

Na ci gaba da cuɗa zanen da ya riga ya fita.

"'Yar gidanmu ce."

Na shirya wa zagi, na ma fi son ta zage ni, don a nan na fi ta iyawa.

"Da na sani da ban roƙa ba. Ni ban zo in ƙwace wa kowa ba. Allah ya sassauta miki."

Suka sauya ƙarshen labarin, don ba yadda za su yi. A fim ɗin da ya fito uwar ba ta ga 'yarta ba. Ya ƙare da Sa'ade tana ratsa kasuwa ba mayafi tana kiran sunan, ba mai amsawa. Mutane suka ce ba su taɓa ganin kukan da ya kai wannan a fim ba. Kaset ɗin ya shiga gari. Wata uku, in na fita cefane, daga shagon mai shayi, daga gidan kallo, daga tagar gidajen mutane, sunan 'yata nake ji a muryar wata.

Ba kamfanin Kano da ya sake nemana, labari ya zaga cewa Dije tana gudu da 'yan wasa. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Bayan kwana arba'in na je na ɗauko ta. Ta yi baƙi, kitson ya cukurkuɗe amma ta hana kowa taɓa shi. Ba ta yi min rashin kunya ba, ba ta taɓa yi ba har yau. Ta share ɗaki, ta ɗebo ruwa, ta ce na'am Adda. Da wani gwajin ya taso, na wasan rigakafi, muka je gindin darbejiya kamar kullum na miƙa mata takarda. Ta duba ta sama da ƙasa ta miƙo min.

"Ban iya wannan ba, Adda."

Manyan baƙaƙe ne, ko ni na ga girmansu. Ban matsa mata ba. Na shiga na yi ta kame-kame, aka ba wata. Daga ranar ba ta sake karanta min ko layi ɗaya ba, ni kuma ban sake jan ta gwaji ba. Kun sha jin ana yabona a taro, wai Dije ta shiga ajin yaƙi da jahilci da girmanta saboda son ilimi. Ba son ilimi ba ne. Idona ne ya yi yaji ya bar ni, dole na nemi wani.

Sauran kun sani. Na auri babanku, na haife ku, ku kam na kira sunayenku har kun gaji da ji, na goya ku a gaban kowa, ita tana gani. Da ta tafi Kano karatun jinya ta nemi Sa'ade da kanta ta same ta, a gidanta take yin hutun ƙarshen mako, kuma ita ta yi jinyarta a ciwon da ya zama ajalinta. Ban hana ba, ban tambaya ba. Da ta haifi 'yarta ta fari ina cikin ɗaki ranar suna aka shigo aka ce yarinya ta ci sunan Sa'ade. Ni na fara rangaɗa guɗa, don mai guɗa ba a karanta fuskarta. Yanzu ga ta nan tana ɗaukar 'yar farinta a gabana, tana sumbatarta, tana kiran sunanta sau ɗari a wuni, ba ta jin kunyar kowa. Ni ma ina kiran jikata Sa'ade, Sa'ade, zo ki karɓi alawa. Wannan sunan bai taɓa maƙale min ba.

Ina yi wa matar nan addu'a duk Juma'a, don ta yi wa 'yata abin da ban yi ba. Kuma har gobe ina kishi da ita a cikin kabarinta. In malamanku sun ce biyun ba sa haɗuwa a zuciya ɗaya, su zo su duba tawa.

Babbarku ta haura arba'in, har yanzu Adda take ce min, har yanzu ke nake ce mata. Na gwada a baki, ni kaɗai a ɗaki, ƙashin kifin na nan inda yake. Amma Inna ba ta taɓa cewa kada a rubuta ba, don ba ta san za a yi ranar da zan riƙe biro ba. Ku kai mata wannan rubutun ta karanta da kanta, manyan baƙaƙe na yi, ba ta da hujjar cewa ba ta iya ba. Wanda ya karanta shi da ƙarfi a gabana sai na saɓa masa. Daraktan sau uku ya ce.

Habiba. Habiba. Habiba.

Zo nan, ga uwarki.